Leƙen talotalon daji kafin buɗe farauta a Missouri: me doka ta hana?

Da watan Afrilu ya gabato, sai maganar nan ta dawo tsakanin sababbin mafarauta a jihar Missouri ta Amurka: wai shiga daji neman makwancin talotalon daji kafin a buɗe farauta laifi ne. Ba laifi ba ne. Ka yi sammako ka saurari kukan namijin daga kan bishiyar da ya kwana, ka bi sawu, ka duba gashin da ya zuba da inda suka tone busasshen ganye. Babu mai kama ka, muddin ba ka kutsa filin wani babu izini ba. Fenti shunayya a jikin bishiya ko turke na nufin kada ka shiga.

Inda ake faɗawa cikin laifi shi ne batun hatsi. Mutum ya gano wurin, sai zuciya ta raya masa ya watsa masara don tsuntsayen su saba. Doka ta haramta farautar talotalo da taimakon abincin da aka zuba, ga ɗan jiha da baƙo, har mai gona a gonarsa. Wasu na cewa ai sai a kwashe ana gobe buɗewa. A'a. Wurin yana nan a haramce har kwana 10 bayan an kwashe ƙwayar ƙarshe, kuma lissafin ba ya farawa daga ranar da ka daina zubawa. Gonar da aka girbe, da abin da ya zube wajen girbi, ba ta cikin wannan. Ƙara mata hatsi ne laifi.

Akwai sashen da ni nake ganin ya yi tsauri: ko ba kai ka zuba ba, za a iya tuhumarka idan ka sani, ko kuma ya kamata a ce ka sani. Wa zai auna wannan "ya kamata"? Sai dai a farkon shekarun 1950 talotalon jihar bai kai 2,500 ba, sai a bazarar 1960 aka sake buɗe farautarsu, don haka tsaurin yana da dalili.

Tun 2019 kotu na iya ɗora wa wanda aka samu da kashe talotalo ba bisa ƙa'ida ba diyyar dala 500 zuwa 1,000 a kan kowane tsuntsu, ban da tarar laifin kansa. Kuɗin diyyar asusun makarantu ake kai su.