Ƙa'idojin amfani da manhajojin aiki tare

Ƙa'idojin amfani da manhajojin aiki tare yarjejeniya ce da ma'aikatan wuri ɗaya ke ƙullawa a tsakaninsu: ina za a tura saƙo, ina za a ajiye takarda, wa zai amsa, kuma yaushe. Cikin sanannun manhajojin akwai Google Docs da ta fito a 2006, da Slack a 2013, da Microsoft Teams a 2017. A Akra da Kumasi kuwa, WhatsApp ma ta shiga ofis, alhali ba don aikin ofis aka ƙirƙire ta ba.

Yadda abin ya bazu

A ƙarshen watan Maris na 2020 gwamnatin Ghana ta kafa dokar zaman gida a Akra da Kumasi saboda korona, aka yi makonni uku kafin a ɗage ta. Ofisoshi da makarantu da ƙungiyoyi suka koma taro ta Zoom da Teams. Da aka buɗe gari manhajojin suka zauna, sai dai wurare da yawa ba su tsaya sun tsara yadda za a yi aiki da su ba.

Inda gizo ke saƙar

Ɗauki ofishin ejan mai shirya tafiyar Hajji da Umara a unguwar Nima ko Mamobi da ke Akra. Alhaji ya turo umarni cikin saƙon murya na minti huɗu, rabi da Hausa rabi da Twi. Akawu ya ajiye jerin sunayen maniyyata a kwamfutarsa, wani yaron ofis kuma yana da nasa jerin a waya, kowa na ganin nasa ne na ƙarshe. Shaidar biyan kuɗi ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ta nutse tsakanin barka da Juma'a da sanarwar ɗaurin aure. Ranar da aka nemi takarda, sai a yi ta laluben sama. A nan laifin ba na manhaja ba ne, domin ko an koma Slack, da wannan ɗabi'ar za a koma.

Shi ya sa ƙa'idar farko, wadda ta fi sauran nauyi, ita ce kowane abu ya san gidansa. Takardun aiki su zauna a rumbu ɗaya da kowa ke iya buɗewa. Zauren gaisuwa da zumunci daban, na aiki daban, kuma bai kamata a soke na zumuncin ba, don a Zango ba a fara magana sai an gaisa. Saƙon murya yana da amfani ƙwarai ga wanda rubutun boko ke ba shi wahala, amma lalubo abin da aka faɗa a ciki bayan mako guda aiki ne ja, saboda haka duk shawarar da aka yanke da baki sai wani ya rubuta ta cikin layi biyu.

Sauran ƙa'idojin gajeru ne: yadda za a raɗa wa fayil suna, da lokacin da aka daina tura saƙon aiki da dare.

Samun karɓuwa

Ƙa'ida ba ta kama ƙasa sai maigida ya bi ta da kansa. Idan ya ci gaba da kiran kowa ta bayan fage, yaransa za su bi sahunsa, kuma kunya ba za ta bar ƙarami ya ce wa babba "Alhaji, a tura can" ba. Maganin wannan shi ne a naɗa mutum ɗaya mai haƙuri, a ba shi izini a gaban kowa, ya riƙa tunatarwa yana koya wa dattawa a keɓe. A kuma duba kuɗin data da ƙarfin wayoyin ma'aikata da ɗaukewar wuta, wadda mutanen Ghana ke kira dumso, kafin a zaɓi manhaja mai nauyi.

Sirrin bayanai

Dokar kare bayanai ta Ghana ta 2012, mai lamba 843, ta ɗora wa duk mai tattara bayanan jama'a alhakin tsare su. Hoton fasfo ko katin ɗan ƙasa da aka jefa a zauren WhatsApp yana iya sauka a wayar kowane ɗan zauren, kuma cire ma'aikacin da ya bar aiki daga zauren ba ya goge abin da ya riga ya sauka a wayarsa.