Idan jini ya daina isa ko'ina: yadda ake gano musabbabin shok

Waɗannan tambayoyi ne masu jinya suka fi yi mana a ƙofar sashen gaggawa a nan Yamai.

Me ake nufi da shok? Firgita ce?

A'a. Shok shi ne jini ya kasa kai iskar oksijin ga ƙwaƙwalwa, ƙoda da sauran sassan jiki. Tafin hannu ya yi sanyi, bugun jijiya ya yi sauri amma ba ƙarfi, fitsari ya ragu, mutum ya fara ruɗewa. Mukan matsa farce mu sake. In jan bai dawo cikin daƙiƙa 3 ba, hankalinmu ya tashi. Tansiyo, wato awon ƙarfin jini, kan faɗi ƙasa da 90, amma a makare. Saurayi mai ƙarfi zai iya zubar da kusan kashi 30 cikin 100 na jininsa kafin awo ya nuna.

Me ke kawo shi?

Ko ruwan jiki ya ƙare ta zubar jini, amai da gudawa ko ƙuna; ko zuciya ta gaza; ko jijiyoyi su saki saboda ƙwayar cuta ta shiga jini ko jiki ya ƙi wata allura; ko wani abu ya danne zuciya, kamar iskar da ta taru a ƙirji.

Yaya ake bambancewa cikin mintoci?

Da ido da hannu tukuna. Jijiyoyin wuya in sun lotsa, ruwa ne ya ƙare. In sun kumbura, zuciya ko ƙirji muke zargi. Jiki zafi rau da zazzaɓi, sai mu nemi inda cutar ta ɓoye: huhu, fitsari, ko hanjin da taifot ya huda.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne jinin da ba a gani. Ɗan kabu-kabu ya faɗi, ba rauni a waje, amma leɓɓansa sun yi fari fat. A ɗora ekografi, na'urar hoton cikin jiki, a cikinsa, sai ga baƙar inuwa kewaye da saifa, wato jinin da ya taru. Haka matar da al'adarta ta tsaya, ta zo da ciwon mara da jiri: ciki a wajen mahaifa muke zargi har sai gwaji ya wanke shi.

Me ya sa ba a sa wa kowa ƙarin ruwa?

Ruwan da zai ceci mai kwalara zai iya kashe maijego da zuciyarta ta raunana, don huhunta zai cika. Wani babban bincike da aka wallafa a 2011, kan yara masu zazzaɓi mai tsanani a Uganda, Kenya da Tanzaniya, ya nuna cewa ɗura musu ruwa da sauri ya ƙara mace-mace.

Mu kuma me za mu yi?

Ku zo da kwalayen maganin da mara lafiya ya sha, har da na gargajiya, kar ku ɓoye. Ku faɗi yaushe ya yi fitsari na ƙarshe, ko kashinsa ya yi baƙi. Ya ke 'yar uwa, ranar al'adarki ta ƙarshe ba abin kunya ba ne a gaban likita. Sannan ku taho da wanda zai iya ba da jini.