Waiwaye kan Jami'ar Danfodiyo, daga ɗalibai 93 zuwa yau

Duk wanda ya taɓa tsayawa Dandima da safe yana jiran bas ɗin da za ta kai shi mazaunin dindindin na Jami'ar Danfodiyo, ko ya hau kabu-kabu ya bi ta Kwalkwalawa hazon hunturu na dukan fuskarshi, ya san jami'ar nan ba ƙaramin abu ba ce a rayuwar Sakkwatawa, amma yaran yanzu da yawa ba su san yadda aka faro ta ba.

Kafin 1975 in ɗan Sakkwato na son digiri to sai dai ya ɗauki akwati ya nufi Zariya, don Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da aka buɗe 1962 ita kaɗai ce jami'a a duk Arewa, kuma ba kowane uba ke iya tura ɗa can ba balle ɗiya mace. A 1975 ne, lokacin kuɗin mai ya shigo, gwamnatin tarayya ta kafa sabbin jami'o'i irin su Jos da Maiduguri da Kalaba, Sakkwato ma ta samu tata, aka ba Farfesa Shehu Galadanci shugabanci. Karatu bai kankama ba sai Oktoba 1977, da ɗalibai 93 kacal, a matsugunin cikin gari. Bayan Galadanci Farfesa Mahdi Adamu ya karɓa, a 1988 kuma aka canza mata suna zuwa na Shehu Usmanu, wanda ni a ganina ya dace ƙwarai, garin da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello da Nana Asma'u suka bar tulin littattafai ai ilimi ba baƙo ba ne gare shi. Babban laburaren ma sunan Abdullahi Fodiyo aka sa mashi.

Abin da ya sa ta zama ta talaka shi ne gwamnatin tarayya ke ɗauke da albashin malamai, ba a biyan kuɗin koyarwa sai na rajista da sauransu, shi ya sa ɗan manomi daga Gwadabawa ko Argungu ko Talatar Mafara ya zama likita ko lauya, je asibitin koyarwa na UDUTH ka gani da idonka.

Ta sha wuya kuma. Ambaliyar 2010 ta cinye gadar da ke kai mutane makarantar, har sai da kwale-kwale ake ƙetarawa. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i (ASUU) na 2022 ya kwashe wata takwas jami'o'in tarayya na rufe saboda rigimar kuɗi da gwamnati, wallahi abin nan na min ciwo, yara na zaune gida shekaru na tafiya. Yanzu ga jami'ar jiha ta zo ta rage cunkoso, ga bashin karatu na NELFUND da aka fara 2024, sai dai iyaye da yawa nan unguwarmu har yau tambayarsu ɗaya ce, shin kuɗin rajistar baɗi zai tsaya inda yake ko zai ƙara hawa.