Idan mutum ɗaya bai zo ba, sai a fasa wasan?

Tun da muka fara zaman wasan labari a fadarmu, wato majalisar shayinmu ta Sabon Gari, nan Damagaram, samari kan tare ni da tambayoyi, wasu a bakin shayi, wasu ta WhatsApp. Kaɗan ne ke tambayar dokokin wasan, domin dare biyu ya isa mutum ya kama su. Abin da ke ci wa kowa tuwo a ƙwarya shi ne tara mutum biyar a tabarma ɗaya, mako bayan mako, ba tare da an ɓata da juna ba. Ga tambayoyin da aka fi maimaita mini.

Wane irin wasa ne da rashin mutum ɗaya zai tsayar da shi? A karta ai wani ne ke zama a gurbinsa.

A karta haka ne, saboda hannu ɗaya ake bugawa, a tattara, a sake rabawa. Wasan labari ba haka yake ba. Wanda ya fi shahara a cikinsu, Dungeons & Dragons, Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da shi a Amurka a 1974. Mutum ɗaya, jagora, shi ke faɗin inda ake da abin da ke faruwa. Sauran kowa na riƙe da jaruminsa, mai suna da hali da kayan aiki, duk a rubuce a takarda. Kai za ka ce ga abin da jaruminka zai yi, a jefa ɗan ludo mai fuska 20, ya nuna ko an dace ko ba a dace ba. Ba a sa kuɗi. Kamar tatsuniya ce wadda masu saurare ke da bakin magana a cikinta, kuma duk wanda ya san wasan kara na garin nan ya san daɗin mutum ya ari rigar wani ya yi magana da bakinsa.

Matsalar ita ce labarin ba ya ƙarewa a dare ɗaya. Zama guda kan ci awa uku zuwa huɗu, labarin kuwa ya yi watanni ana jan sa. In makon jiya an tashi jarumai suna cikin kogo, makullin ƙofa yana aljihun jarumin wane, yau kuma wane bai zo ba, to kowa ya tsaya cirko-cirko.

Mu biyar ne, amma da wuya mu cika. Rashin ɗaukar abin da muhimmanci ne?

Ba lallai ba. Ɗauko biro mu yi lissafi. A ce kowannenku mutumin kirki ne mai cika alkawari, cikin zama biyar yana zuwa huɗu, ɗaya kawai uzuri ke hana shi: biki, suna, ta'aziyya, zazzaɓi, aiken mahaifi. Wa zai zargi irin wannan mutum? Amma damar ku biyar ɗin ku haɗu a dare ɗaya ita ce 0.8 a ninka da kansa har sau biyar, wato kusan kashi 33 cikin 100. Zama ɗaya ke nan cikin uku. Biyun kuwa sai a fasa, in dokarku ita ce sai kowa ya zo.

Yanzu sauya dokar. A ce mutum uku cikin biyar sun isa a buɗe wasa, muddin jagora na cikinsu. Da waɗannan mutanen dai, da uzururrukansu dai, damar a yi wasa ta kai kusan kashi 78 cikin 100. Babu wanda ya gyara hali, doka kawai aka gyara.

Shi ya sa nake cewa fashi ne ke kashe wasa, ba rashin wane ba. An fasa wannan Asabar saboda mutum ɗaya. Wanda ya bar kabu-kabunsa ya zo ya zauna a banza ya ji haushi, mako mai zuwa da ya samu fasinja mai nisa bai ko yi tunani biyu ba. An sake fasawa. A mako na uku kowa ya manta inda labari ya tsaya, kuma ranar ta riga ta koma hannun wani abin.

Gara a tsayar da rana ɗaya, ko kowane mako a tambayi lokacin da ya dace da kowa?

A tsayar. Tambayar "yaushe kuke da lokaci?" a zauren WhatsApp ba ta da ƙarshe: wannan ya ce Laraba, wancan ya ce ban da Laraba, na uku ya karanta ya yi shiru, kafin a ankara mako ya wuce. Ku dubi adashi. Uwar adashi ba ta bin mata tana tambayar ranar da ta yi musu, ranar zubi sananniya ce, kowa da ita yake tsara sauran harkokinsa.

Zaɓen ranar kuma sai an dubi garin. Alhamis ranar babbar kasuwa ce a Damagaram, duk mai rumfa a kasuwar Dole ko mai jigilar kaya a gajiye yake dawowa, ba zai iya zaman awa uku ba. Tsakanin la'asar da magariba lokacin ya yi kaɗan, ana fara shiga labari za a kira salla. Mu bayan isha muka zaɓa, daren Asabar, daga 8 da rabi zuwa 11 da rabi, kuma lokacin tashi ma doka ne kamar lokacin farawa, domin a cikinmu akwai mai iyali da wanda ake rufe wa ƙofar gida. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce maki 40, ko ba don wannan ba babu mai iya zaman rana. Fitilar caji kuma kullum tana gefen tabarma, kada ɗaukewar wuta ta zama hujja.

In kowane mako ya yi muku nauyi, ku yi mako biyu-biyu. Wata-wata dai ban ba da shawara ba ga dogon labari, fashi ɗaya ya zama wata biyu ke nan ba a haɗu ba.

To me za a yi da jarumin wanda bai zo ba?

Littafin jagora na Dungeons & Dragons, bugu na biyar, wanda ya fito a 2014, ya kawo hanyoyi: wani ɗan wasa ya riƙe shi, ko jagora ya riƙe, ko a samo dalilin da ya raba shi da ayari, ko kawai a bar shi a baya-baya ba ya cewa komai. Duk mun gwada.

Ba wa wani riƙo shi ya taɓa jawo mana rigima. Wanda aka ba amana ya ga banza ta faɗi, ya tura jarumin abokinsa gaba a faɗa da ƴan fashi, aka kashe shi. Mai shi ya dawo mako na gaba da takardarsa a ninke cikin aljihu, wata huɗu yana renon wannan maharbin, aka ce masa ya mutu. Bai ce uffan ba, ya sha shayin farko ya tashi. Sai da na bi shi har gida. Tun daga ranar dokarmu ita ce jarumin da mai shi ba ya nan ba ya mutuwa, ba a taɓa kayansa, ba a yanke wata babbar shawara da sunansa. Ya tsaya gadin raƙuma, shi ke nan. Ba sai an wahalar da kai wajen ƙirƙiro dalili mai kyau ba, kowa ya san gaskiyar magana tana asibiti wajen jinyar gwaggonsa.

Abu biyu ke sauƙaƙa wannan. Na farko, jagora ya yi ƙoƙarin tsayar da labari a gari ko a zango, ba a tsakiyar faɗa ba. Na biyu, batun maki. In sai wanda ya zo ne kawai ke samun makin da ke ƙara wa jarumi mataki, wato ƙarfi, mai uzuri zai yi ta komawa baya, jaruminsa ya zama mafi rauni, daɗin wasan ya ragu masa, zuwan ma ya ƙara ja baya. Littafin ya yarda a ɗaga kowa mataki tare idan labari ya kai wata gaɓa, ba tare da ƙirgen maki ba. Wannan muke bi. Wanda bai zo ba ya riga ya yi asarar daren, ta ishe shi.

Bayan an tashi kuma, mutum ɗaya ya yi saƙon murya na minti biyu ya faɗi abin da ya faru.

Akwai wanda kullum sai ya ce "ina hanya", har a tashi bai iso ba. Ya za mu yi da shi? Ya girme mu.

Wannan ita ce mai wuyar. Rashin zuwa dabam, shiru dabam. Wanda ya aiko tun azahar ya ce yau ba zai samu dama ba ya cika alkawarinsa, domin jagora ya samu lokacin gyara shiri. Kada a manta jagora kan ɓata awa biyu ko fiye yana zana taswira da tsara abokan gaba daidai da yawan masu zuwa. Mai "ina hanya" kuwa ya riƙe mutum huɗu suna kallon bakin titi, gawayi na cinyewa.

Sau da yawa kunya ce, ba raini ba. A wajenmu cewa "ba zan zo ba" kai tsaye na da nauyi, sai mutum ya ce "in sha Allah" alhali ya san da wuya. Mun yi irinsa, wani yayanmu a unguwa. Ban yi masa magana a gaban mutane ba, kuma ban rubuta a zaure ba. Na same shi shi kaɗai a bakin shagonsa na ce, "Yaya, wasan nan yana takura maka ne? In dare ne bai yi maka ba, ka faɗa mini, wallahi babu komai." Ya yi dariya ya ce, "Ƙanena, ni fa hirar nake so, lissafin nan naku ne ke sa mini ciwon kai." Ashe wata uku yana jin nauyin faɗa. Yanzu yakan zo in ya ga dama, ya zauna wajen butar shayi, in ana buƙatar wani sarki ko attajiri a labari ya ari bakinsa na dare ɗaya. Ya fi kowa iya muryar sarki.

Amma kada ku jira shi. In lokaci ya yi, mutum uku sun zauna, a fara.

Ana iya kauce wa wannan tun farko?

Ana iyawa, da zaman share fage: zama guda kafin a fara labari, wanda ba a wasa a cikinsa sai magana. Wace rana, ƙarfe nawa, mutum nawa ne suka isa, zuwa yaushe ne mai uzuri zai sanar, dala ashirin-ashirin ta shayi da sukari wa zai riƙa tarawa. Kuma a yanke wa labarin iyaka. "Zama takwas za mu yi" alkawari ne da mutum zai iya ɗauka. "Har sai abin da hali ya yi" kuwa kowa zai ce to, ba tare da ya san abin da ya amsa ba.

Damina da azumi fa?

Ku ba su hanya. Daga Yuni zuwa Satumba wasu na gona a wajen Mirriya ko Magarya, ɗaliban jami'ar André Salifou kuma da an ba da hutu sai garuruwansu. A azumi dare na asham ne da ibada. Ku kai labari wata gaɓa kafin lokacin, ku ce an tafi hutu, ku faɗi ranar dawowa tun a zaman ƙarshe. Waɗanda suka rage a gari, in suna marmari, su yi gajeren labari mai ƙarewa a zama ɗaya da sababbin jarumai. Nan ne ma wani kan gwada jagoranci karon farko.

Fadarmu mun fi goma, kuma ba a san wanda zai zo ba sai an gan shi. Mu haƙura?

A'a, ku ne ma kuka fi dacewa da wani tsari da ake kira West Marches, wanda Ben Robbins ya bayyana a 2007. Shi ya yi wasa da mutum goma zuwa sha huɗu, babu tsayayyen ayari. Akwai gari ɗaya amintacce, kewaye da shi daji ne da ba a san cikinsa ba. Ƴan wasa ne ke haɗa kansu su ce za mu duba kufan da ke gabas, su nemi jagora. Kowace fita daga gari take farawa, a gari take ƙarewa, saboda haka babu wanda ake bari a kogo da makulli a aljihu. Ba sabon abu ba ne ma: dokokin Dungeons & Dragons na 1974 sun ce labari ɗaya na iya ɗaukar ƴan wasa daga huɗu har hamsin.

A tsarinsa na asali babu tsayayyar rana, ƴan wasa ke nema. Ni a nan na fi son a bar ranar a tsaye, a sake mutanen: biyar ɗin da suka fara cewa za su zo su ne ayarin daren. Abin da za ku rasa shi ne labari mai zurfi da ke bin rayuwar jarumi ɗaya. Abin da za ku samu, taswira guda da kowa ke ƙara wa zane, da gardamar safiya kan wa ya ga me.

Intanet ba zai magance ba?

Ga wanda ya koma Yamai ko Kano, manhajar wasa ta Roll20 ko ta hira ta Discord ko kiran WhatsApp na iya riƙe shi cikin labari, in layi ya yarda kuma akwai kuɗin data. Amma wanda ba ya zuwa tabarma a unguwarsu, waya ba za ta kawo shi ba.

In jagoran ne da kansa ya fara kawo uzuri?

To ya gaji ne, ko da bai faɗa ba. Yawanci shi ke shirya labari, shi ke tuna wa mutane, shi ke shimfiɗa tabarma, shi ke bin wanda ya yi fushi. Ku raba masa kayan. Tunatarwar ranar Juma'a ta koma hannun wani, saƙon murya hannun wani, gawayi da shayi hannun wani. Mu da muka ga namu ya fara sanyi, ƙaramin cikinmu ne ya karɓi jagoranci na zama uku, da wani labarin ayarin gishiri da ya ɓace a hanyar Bilma. Tsohon jagoran ya zauna a matsayin ɗan wasa, ya zaɓi mai kiwon raƙuma, ya kuma fi kowa yi wa sabon jagora gardama a kan dokoki.