Me ake nufi da "lokacin tafiya" a jirgin sama?

Duk sanda aka buɗe sabuwar hanyar jirgi tsakanin ƙananan filaye biyu, sai ka ji mai jawabi ko mai gabatar da shiri a rediyo yana cewa tafiyar ta koma minti 30 kacal. Lissafin nasu bai wuce wannan ba: nisa kilomita 400, jirgi yana gudun kilomita 800 a awa, to rabin awa ke nan. A allon makaranta daidai ne. A harkar jiragen sama ba shi ake kira lokacin tafiya ba.

Lokacin da kamfani ke rubutawa a tikiti yana farawa ne daga sanda aka zare wejin da ke tokare da tayoyin jirgi, ya ƙare sanda aka sake tokare su a ɗaya filin. Tura jirgi baya, rarrafawa zuwa titin tashi, jiran wasu jiragen su wuce, duk suna ciki. Gudun 800 ɗin da ake ta ambato kuwa sai jirgi ya kai can ƙololuwa yake yin sa. A ƙasa da ƙafa 10,000, dokar ƙasashe da yawa ta taƙaita shi ga kimanin kilomita 460 a awa. A gajeriyar tafiya, kafin ya gama hawa an fara shirin sauka. Shi ya sa jirgi mai farfela irin ATR 72, da ke gudun kusan kilomita 500 a awa, 'yan mintoci kawai jirgin jet mai gudun 800 ke ba shi rata a irin wannan hanya, amma sai ka ji ana raina shi kamar kurar ruwa.

Dubi tsibiran Orkney a arewacin Scotland. Tsakanin Westray da Papa Westray kilomita 2.7 ne, kuma kamfanin Loganair yana jigila a kai tun 1967 da ƙaramin jirgi mai ɗaukar fasinja takwas. Idan iska ta yi daidai, zaman jirgin a sama bai cika minti ɗaya ba. An taɓa yin sa cikin daƙiƙa 53. Wa zai ce wanda ya je filin, ya jira, ya hau, ya ɗaura bel, ya sauka da jakarsa ya yi tafiyar daƙiƙa 53? Nisan ma da ake bugawa miƙaƙƙen layi ne a bisa doron duniya, alhali jirgi hanyoyin da masu kula da sararin samaniya suka shata yake bi, iska kuma tana iya sa zuwa ya fi dawowa tsawo.

Su ma kamfanonin ba na wanke su. Da yake jirgin da ya iso cikin minti 15 bayan lokacinsa ana lissafa shi a wanda bai makara ba, wasu sukan ƙara mintoci a jadawali don su fita kunya. Sai a tashi a makare, matuƙi ya sanar da cewa an iso da wuri, fasinjoji har da tafi.