Afendis ɗin yaro ya fashe: tambayoyin da na gaji da amsawa

Jinyar yara nake yi a nan Zariya, kuma kusan kullum sai an tare ni da waɗannan tambayoyin a bakin gado. To ga su a rubuce.

Ba an yi aikin ba? Allurar ta mece ce kuma?

Afendis ɗin, wato ɗan guntun hanjin da ke ƙasan ciki ta dama, ya fashe ne, Mama. Ƙazantar hanji ta malale cikin ciki. Likita ya wanke abin da ido ke gani, sauran sai magani.

Wane magani ne?

Galibi seftirayazon da metronidazol, wanda kuka fi sani da Flagyl, ta jijiya.

Ai mun ba shi Flagyl tun ranar farko.

Abin da ya makarar da ku ke nan. Yaro ya ce cibiya na ciwo, ciwon ya gangara ƙasa ta dama, ga amai, ga zazzaɓi, yana tafiya a duƙe, sai ku nufi kyamis a ce muku taifod. Kwana biyu kacal ya isa abin ya fashe, musamman ƙananan yara da ba su iya nuna wurin ciwo. Ko da taifod ɗin ne, shi ma yana huda hanji. Ku kai shi asibitin koyarwa na Shika ko asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, kada ku ba shi jiƙo.

Ba za a bar shi kan magani a fasa aikin ba?

Sai in mugunyar ta taru wuri guda ta yi ƙulli. A nan akan fara da magani, aiki ya biyo bayan mako 6 zuwa 8. Likita ke yanke wannan bayan hoton ciki, ba taron dangi ba.

Baba ya ce kuɗi sun ƙare. Yaushe za mu tafi gida?

Wannan ce mai wuya, kuma na san aljihu na jin jiki. Ba kalanda muke dubawa ba, yaron muke dubawa. In zazzaɓi ya sauka ya yi yini da kwana bai dawo ba, yana cin abinci ba amai, yana fitar da iska, cikin ya yi laushi, to ana iya cire allura a koma na sha. Wani ya kai nan a kwana 3, wani sai ya haura 5. Jimilla, allura da na sha, yawanci kusan mako ɗaya ne, amma in cikin ya ɓaci sosai yakan zarce. Wani lokaci likita ya duba gwajin jini ya ce ba sai an ba da na gida ba. Wani yaron kuma dole ya sha. Kada ki auna ɗanki da na gadon kusa.

Abin da nake tsoro shi ne mugunya ta sake taruwa, sau da yawa a mako na farko ko na biyu bayan aiki. In zazzaɓi ya dawo, ko gudawa, ko kumburin ciki, ko ɗinkin na fitar da ruwa, ku dawo ranar, ko da dare ne. In kuɗi ne matsalar, ku faɗa mana a duba mai sauƙi. Kada ku sulale da yaro da asuba.

Yana cewa bakinsa ɗaci.

Flagyl ne. Ya ci gaba da sha.

Zai rayu lafiya babu afendis?

Ƙwarai kuwa. Kwantar da hankalinki.