Me ya sa sarauniyar rina ke tsallake hunturu, ma'aikata kuwa su mutu?

A ƙasashen da ruwa ke daskarewa da hunturu, irin su Turai da arewacin Amurka, gidan rina shekara ɗaya yake yi. Tsohuwar sarauniya da ma'aikata da maza duk mutuwa suke yi. Sababbin sarauniyoyin da suka yi barbara ne kaɗai ke kaiwa bazara.

Uwa ɗaya ce ta haife su. Daga ina bambancin ya fito?

Tun suna tsutsa, kuma abinci ne tushensa. Ma'aikaciya da sarauniya duk mata ne, ƙwai iri ɗaya ne. A ƙarshen kakar ɗumi gida ya cika da ma'aikata, don haka tsutsar da aka reno a lokacin tana samun abinci fiye da ta farkon shekara. Rinar Vespula har ɗakuna masu faɗi take ginawa domin sarauniyoyi, su fito sun fi ma'aikata girma. A rinar Polistes, mai saƙa a buɗe, da wuya ido ya raba su biyun. Sai an buɗe ciki: wadda za ta yi sarauta tana da kitse jibge da furotin na ajiya da ake kira hekzamarin, ƙwayayenta ba su nuna ba, ba ta kuma fita kiwo. Wannan ne ya sa bai kamata a ɗora juriyar sanyi a kan girman jiki ba. Abin da aka tara a ciki ne, da shirin jiki na kwanciyar hunturu.

Yaya jikinta ke hana sanyi kashe ta?

Ba sanyin kansa ne babbar matsala ba, ƙanƙara ce. In ta ƙulla a cikin ƙwayoyin jiki, tsininta yana yayyaga su. Sarauniya tana juya wani kaso na gilaikojin (sukarin ajiya na jiki) da ta tara zuwa sinadarin gilisarol, wanda ke rage digirin da ruwan jikinta zai daskare, yana kuma kare ƙwayoyin daga bushewa. Ta daina ci, domin ragowar abinci a hanji shi ne ƙanƙara ke fara ƙullawa a kansa. Sai ta shiga ƙarƙashin ɓawon itace ko ruɓaɓɓen kututture, ta kama wurin da baki, ta naɗe fikafikai a ƙarƙashin jiki, numfashinta ya ragu ƙwarai.

Akwai wadda ta bi wata hanya dabam. Sarauniyar rina mai farar fuska ta arewacin Amurka, Dolichovespula maculata, barin jikinta take ya daskare. Binciken masanin kimiyya John Duman na 1978 ya nuna jininta na ɗauke da furotin da ke sa ƙanƙara ta ƙulla da wuri, wajen digiri 5 ƙasa da sifili a ma'aunin Selsiyos. Ƙanƙarar tana ƙullawa a hankali a wajen ƙwayoyin jiki, cikinsu kuwa ya tsira.

To ma'aikata sanyi ne kaɗai ke kashe su?

A'a, yunwa na riga sanyi. Babbar rina ba ta iya haɗiye tsokar ƙwarin da ta kamo. Tsutsa take ba, tsutsa ta biya ta da ruwan baki mai zaƙi. Da sarauniya ta daina ƙwai, tsutsa ta ƙare, wannan abinci ya yanke. Ɗumama jiki da karkaɗa tsokar fikafikai kuma sukari yake ci, ma'aikaciya ba ta da ajiyar da za ta ɗauki nauyinsa.

Ke nan hunturu mai sauƙi alheri ne ga sarauniya?

Ba lallai ba. Ɗumi yana sa ta ƙone kitsenta da sauri, ko ta farka babu fure babu ƙwari. Laima kuma na kawo mata funfuna. Yawancin sarauniyoyi ba sa kaiwa ga kafa gida. Amma inda sanyin bai kai ya kashe ma'aikata ba, lissafin na canzawa: a New Zealand, inda Vespula germanica ta bazu tun shekarun 1940, wasu gidaje na ƙetare hunturu da ma'aikatansu su zama manya-manya.

Ma'aikaciya na iya kwanciyar hunturu?

A Polistes tana iyawa, domin iyakar da ke tsakanin ma'aikaciya da sarauniya ba ta da kauri. Ƙwaron Xenos vesparum da ke shiga cikin jikin Polistes dominula yana sa mai ɗauke da shi ta bar aiki ta fice daga gida. Wadda ke ɗauke da macen ƙwaron takan tara kitse, ta kwanta tare da sarauniyoyi har bazara, sai ta kai 'ya'yansa sabon gida.